Sunan da Ba Ya Cikin Littafin Valnière

Firmin Honoré Derbez, an haife shi a ƙauyenmu Prabel ranar 9 ga watan Maris na shekarar 1911, kuma a nan aka binne shi. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana aikin gyaran hanyar mashigin Valnière, kilomita goma sha huɗu daga gadar bakin gari zuwa ƙololuwar dutse. Duk tsawon wannan lokaci a kan keke yake zuwa aiki, da shebur ɗaure a jikin ƙarfen keken, da tsintsiya rataye a bayansa. Ba na jin akwai mahaluƙin da ya hau mashigin nan sau da yawa kamarsa. Duk da haka sunansa ba ya cikin littafin da ke gidan baƙi na can sama. Na ji ana ba da labarin dalilin haka ba daidai ba, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na sani.

Littafin ya girme mu duka. An buɗe shi ne jim kaɗan bayan sojoji sun fasa hanyar a kan tsohuwar turbar da fataken gishiri suke bi da alfadarai. Ƙa'idarsa ɗaya ce tak: duk wanda ya taso daga gada a kan keke, ya isa ƙofar gidan baƙi ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba, za a rubuta sunansa. Ba a neman shaida. Mai gidan baƙin, wadda a zamaninmu Inna Zélie Jaubert ce, za ta dube ka ta ce, "Ƙafa ta taɓa ƙasa?" Abin da ka amsa shi ke nan. Ban taɓa jin an zargi ɗan Prabel da yin ƙarya a kan wannan tambaya ba, ko da kuwa mutumin da aka sani da ƙarya a kan komai ne. Kusan kowane gida yana da suna a ciki. Har ni da ba gwanar keke ba ce, nawa yana nan tun shekarar da aka kawo ni koyarwa a makarantar gari. Na mahaifin Firmin yana nan, haka ma na ƙanen Firmin, Prosper, wanda ya tafi yaƙi bai dawo ba.

Ba ƙarfi Firmin ya rasa ba. Mutumin da ke hawa da shebur da diga da abincin rana kwana shida a mako, ba kilomita goma sha huɗu ce za ta gagare shi ba. Matsalarsa idonsa ne. Sanyi yana tsaga dutse, rana tana sassauta shi, sai ya gangaro ya zauna a tsakiyar hanya. Ga mai hawa, dutse kamar dunƙulen hannu ba komai ba ne, kauce masa zai yi ya wuce. Ga mai saukowa a guje kuwa, wanda iska ta cika wa ido da hawaye, wata magana ce daban. Firmin ba ya iya wuce dutse a kan hanya. A ranakun aiki wannan ba abin mamaki ba ne, don shi aka ɗauke shi. Amma ran Lahadi ma haka yake. Kowace shekara, Lahadin farko bayan an kwashe dusar ƙanƙara an buɗe mashigi, sai ya kwance shebur, ya wanke keken, ya shafa wa sarƙa mai, ya sa farar rigarsa, ya bi sahun mahaya bayan an tashi daga coci. Kafin a kai dutsen alamar kilomita na biyar, sai a waiwaya a gan shi a tsaye, keke jingine a cinyarsa, yana jefa wani dutse cikin kwari.

Babban abokinsa Casimir Bellon, mai gidan burodi kuma shugaban ƙungiyar mahaya keke ta garin, ba ya barinsa ya huta a kan wannan. Na sha jin su da safe idan na je sayen burodi.

"Ina kwana, mai girma sarkin tsakuwa. Jiya a ina aka yada zango?"

"A inda haƙoranka za su zube da ban tsaya ba."

"Haƙorana huɗu suka rage, kai tsoho. Don haƙori huɗu kake hana kanka littafi? Ka bar su su zube, na yafe."

"Naka ka yafe. Na sauran mutane fa? Ba ni burodina, kuma ba ƙonannen nan da kake ɓoye wa abokai ba."

Yanzu ana cewa wai wani baƙo ne ya taɓa faɗuwa ya mutu a kan dutsen da Firmin ya gani ya wuce, shi ya sa ya yi rantsuwa. Wannan ba gaskiya ba ne. A shekarunsa arba'in da ɗaya na aiki babu wanda ya mutu a wannan ɓangaren na mashigi, kuma na duba littafin coci don in tabbatar. Na taɓa tambayarsa da kaina, wata rana da ya zo gyara mana magudanar ruwan makaranta. Ya ajiye shebur, ya goge hannu a wandonsa, ya ce, "Malama, in kika shiga aji kika ga an yi lissafi ba daidai ba a allo, kina iya zama ki yi kamar ba ki gani ba?" Na ce ba na iyawa. Ya ce, "To." Ya ɗauki sheburinsa ya ci gaba da aiki.

Da yake yana dariya idan ana zolayarsa, mutane da yawa sun ɗauka abin bai dame shi ba. Matarsa Noélie ce ta san gaskiya. Ta gaya mini cewa duk shekarun nan da yake shiga gidan baƙi shan gahawa da tsakar rana, bai taɓa zama a gefen da littafin yake ba. Sau ɗaya kawai ya buɗe shi, a shekarar da aka kawo labarin Prosper. Ya nemo shafin, ya daɗe yana kallo, ya rufe. Da ya dawo gida ya ce mata, "Duk suna ciki, Noélie. Ni kaɗai ne a waje."

Ya yi ritaya a shekarar 1975. Ba a naɗa kowa a madadinsa ba. Sai dai motar ma'aikata ta riƙa zuwa daga birni duk bayan mako biyu. Mun ɗauka yanzu da hanya ta fita daga wuyansa zai hau ya huta. Ashe ba albashi ne yake tsayar da shi ba. Shekara huɗu a jere ya gwada, shekara huɗu a jere ya tsaya. A farkon bazarar 1979 likita ya saurari ƙirjinsa, ya ce zuciyar ta gaji. Ya ce in har akwai hawan da yake son yi, to ya yi shi a wannan bazara kafin sanyi ya dawo, a hankali, sau ɗaya, domin baɗi ba zai yarda ba.

Noélie ba ta yi kuka a gabansa ba. Gidan burodi ta nufa.

"Casimir, shekara arba'in kana yi masa tsiya. Yau na zo ka biya."

"Uwargida, me na yi kuma? Ni ne dutsen?"

"Ba kai ne dutsen ba, amma kana da mutum goma sha biyu masu ƙafa da hannu da ba su da aikin yi sai aske gashin ƙwauri irin na 'yan tseren keke. A ba kowa tsintsiya."

Haka aka shirya. Aka zaɓi Lahadi ta biyu a watan Agusta. Da gari ya waye, mutum goma sha biyu na ƙungiyar suka rarraba hanyar, kowa da kilomitarsa da ɗan ƙari, suka share ta tas. Aka aika wa makiyayin da ke kiwo a gangaren sama cewa ya kora tumakinsa ɗaya ɓangaren, don kada kofatonsu su turo duwatsu. Aka roƙi direban motar madara ya jinkirta saukowa. Sun yi tunanin komai, kuma sun yi shi da zuciya ɗaya. Abu guda ne ba su tambayi kansu ba: ina ake zuba abin da aka share? Su mahaya keke ne. A wurin mahayi, hanya ita ce inda taya take takawa, duk abin da ke gefe ba nasa ba ne. Don haka duk dutsen da suka samu, da tsakuwa, da ɓaraguzan ƙasa, suka ture su cikin kwatar da ke bin jikin dutse daga ƙasa har sama. Ya fi sauƙi, ya fi kusa, kuma hanyar ta yi kyau ƙwarai.

Ni da Noélie muka riga su hawa a motar burodi, muka jira a gidan baƙi. Abin da ya faru a hanya Casimir ne ya ba ni labari, domin shi ya hau kafaɗa da kafaɗa da Firmin, kuma na gwada maganarsa da ta mutum biyu da suke biye da su.

Sun bar gada da ƙarfe tara. Ba su kai dutsen kilomita na biyu ba Firmin ya ce, "Wa ya share mini hanya?"

"Iska," in ji Casimir.

"Iska mai tsintsiya. Ga sawun tsintsiyar can."

"To mala'iku ne. Ka taka feda ka bar bincike, ba alƙali aka ce ka zama ba."

Firmin ya yi murmushi, kuma Casimir ya rantse mini cewa a wannan lokacin ya ji daɗin abin. Sai idonsa ya sauka a kan kwata. Murmushin ya ɗauke.

"Casimir. A ina kuka zuba su?"

"A gefe mana. Ina kake so mu zuba, a aljihu?"

"Cikin kwari, jaki! A ɗaya gefen! Shekara nawa kana ganina ina jefawa cikin kwari? Ka ɗauka motsa jiki nake yi?"

"To ai ba su kan hanya."

"Dutse ba ya cin hanya. Ruwa ne yake cin hanya. Kun toshe wa ruwa gidansa, ina kuke so ya bi?"

Bai tsaya ba. Wannan ina so a sani, domin shi ne abin da ba a faɗa. Kilomita tara ya yi yana kallon kwatarsa cike da duwatsu, kowane mita ɗari da sabon tari, bai sa ƙafa a ƙasa ba. Ya wuce dutse na biyar, inda bai taɓa wucewa ran Lahadi ba. Ya wuce inda itatuwa suke ƙarewa. Casimir ya ce a wasu wurare har rufe ido ɗaya yake yi, na ɓangaren dutse, yana jan numfashi kamar zuga-zugin maƙera, yana zagin ƙungiyar mutum ɗaya bayan ɗaya da sunayensu da na iyayensu. Casimir ya bar shi ya yi ta zagi, don ya lura zagin yana ƙara masa ƙarfi.

A dutse na goma sha ɗaya hadari ya taso daga bayan ƙololuwa, irin na watan Agusta da ba ya sallama. Daga ƙofar gidan baƙi ana hango kwana uku na ƙarshe na hanyar, don haka sauran da idona na gani. Ruwan ya sauko da ƙarfi. Cikin minti kaɗan duk gangaren ya koma ƙananan rafuka, suna zubowa cikin kwata, kwata kuwa ba wurin shiga. Sai ruwan ya hau kan hanya ya bi ta, ja wur da laka, yana jan tsakuwa. Muka hango su ƙanana a ƙasa, Firmin a gaba da farar rigarsa manne a jiki, yana tafe a hankali har mutum ya ce keken zai faɗi. Noélie ta riƙe hannuna. Inna Zélie ta shiga ciki ta fito da littafin, ta buɗe shi a kan teburin da ke ƙarƙashin rumfa, ta cire murfin alƙalami.

A kwana ta ƙarshe, wadda muke kira Kwanar Alfadarai, akwai babban kwalbati da ke tsallakar da ruwan duk gangaren ta ƙarƙashin hanya. Wanda ya share wannan kilomita mutum ne mai himma, ya tara duwatsunsa daidai a bakin kwalbatin, domin nan ne rami ya fi zurfi. Ruwa ya taru ya zama tafki, yana malala ta kan hanya, yana zuba ta bakin kwari. Daga nan zuwa ƙofar gidan baƙi mita ɗari huɗu ne.

Muryar Casimir har inda muke tana isowa.

"Kada ka kalla! Firmin, don girman Allah kada ka kalla! Minti huɗu! Ka hau, ta rubuta, mu dawo tare, ni zan tone shi da haƙorana huɗun nan!"

Firmin ya shiga ruwan, ya ratsa shi, ya fita ɗaya ɓangaren. Ya ƙara taka feda sau biyar ko shida. Muka ɗauka ya wuce. Sai keken ya tsaya cik, ya yi ɗan lokaci a tsaye a kan tayoyinsa, kamar yadda gwanaye suke iyawa, sa'annan ƙafarsa ta hagu ta sauka ƙasa.

Ya kwantar da keken a gefe, ya koma baya, ya shiga tafkin har gwiwa, ya fara ciro duwatsu da hannu yana jefawa cikin kwari. Casimir ya yi jifa da hularsa, ya sauka shi ma ya shiga. Ba su yi minti goma ba muka ji ƙara kamar ta buɗe tanda, ruwan ya faɗa cikin kwalbati, tafkin ya janye.

Ba zan ce ya ceci ran kowa ba. Akwai baƙi shida mahaya keke a gidan a ranar, kuma babu wanda yake shirin sauka cikin wannan ruwa. Suna zaune suna shan miyar Inna Zélie, sun cusa jaridu cikin rigunansu don ɗumi. Ba kuma zan ce hanyar za ta zaftare cikin minti huɗu ba. Na tambayi injiniya daga baya, ya ce da wuya. Firmin ya san wannan fiye da injiniyan. Na daɗe ina tunanin abin, kuma iyakar inda na kai shi ne: akwai mutanen da aikinsu yake zama a hannunsu, su ajiye shi idan sun ga dama, akwai kuma waɗanda yake shiga cikin idonsu.

Da Firmin ya iso ƙarƙashin rumfa, leɓunansa sun yi shuɗi. Noélie ta lulluɓa masa bargo. Inna Zélie ba ta dube shi ba. Ta sunkuyar da kai, ta ɗora alƙalami a kan takarda, ta fara rubuta kwanan wata.

"Zélie," in ji shi, "ba ki yi mini tambayar ba."

"Na tsufa, na manta ta. Zauna ka sha miya."

"Uwarki ta yi wa ubana ita. Ni ma ki yi mini."

Ta ɗago kai. Tare suka yi makaranta, ta girme shi da shekara ɗaya. Ta ce, "Kai dai taurin kanka ba zai bar ka ka mutu cikin daɗi ba. Firmin Derbez, ƙafa ta taɓa ƙasa?"

"Ta taɓa."

Ta mayar da murfin alƙalami. Kwanan watan yana nan a shafin har yau, ba suna a gabansa.

Casimir, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba ko a jana'izar matarsa, ya zauna a kan benci yana kuka a fili. "Laifinmu ne," ya yi ta faɗa. "Mu ne muka tsayar da kai. A rubuta, Zélie, laifinmu ne."

"Laifinku ne," in ji Firmin, "amma ƙafata ce. Kuma ka daina wannan kukan, kana jiƙa wa mutane burodi."

Bayan ya sha miya, launi ya dawo fuskarsa, sai ya ce abin da ya ba mu mamaki. Ya ce likita bazara ya ba shi, kuma bazara ba ta ƙare ba. Ya ce yau ya gane ƙafafunsa za su iya, domin ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, ga ruwa, ga haushi. Abin da ya rage kawai a kwashe abin da aka zuba a kwata, daga gada har ƙololuwa, a jefa cikin kwari. Idan kwata ta koma daidai, hanya kuma a share, babu abin da zai tsayar da shi. Noélie ta buɗe baki za ta tuna masa cewa likita sau ɗaya ya ce, sai ta fasa.

Mutanen ƙungiyar duka suka ce za su yi aikin a yini ɗaya. Ya ƙi. "Kun taimaka, ya isa," in ji shi. Bai yarda da idon kowa ba a kan kwata, domin ba kwashe duwatsu kaɗai ba ne, sai an gyara gangarenta yadda ruwa zai gudu, an duba bakin kowane kwalbati. Casimir kaɗai ya bari ya riƙa tura masa baro, bayan an gama gashin safe, bisa sharaɗin ba zai taɓa shebur ba. Motar burodi tana sauke su inda suka tsaya jiya, ta ɗauke su da la'asar. Da farko suna gama kilomita ɗaya a kwana huɗu. Daga baya sai ta koma mako guda, domin Firmin yakan zauna a kan baron ya huta fiye da yadda yake tona. Duk wanda ya wuce yana jin su suna faɗa.

Ranar 2 ga Oktoba suka kai dutsen kilomita na tara. Washegari dusar ƙanƙara ta sauko, mako uku kafin lokacinta, aka rufe mashigi. Firmin ya rasu a gidansa ranar 14 ga Nuwamba da rana tsaka, yana zaune kusa da murhu. Daga gada zuwa dutse na tara kwatar tana nan fes, kowane kwalbati a buɗe. Kilomita biyar na sama ba a kai gare su ba.